Hayaƙin Ranar Layya

Kun taso kun ji mutanen garin nan suna kirana Injiniya, har surukaina haka suke kirana, kuma na san kun ɗauka girmamawa ce. To, ba da girmamawa aka fara ba. Alhaji Tanko mutumin Kumasi ne ya laƙaba mini sunan a ƙofar masallaci, jama'a suka kwashe da dariya, ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige. Ke Nafisa kin san wani abu daga labarin, domin da wayonki, amma duk lokacin da kika tashi ba da shi, abin dariya kike mayar da shi, wai ranar da Baba ya kusa ƙona gida. Bashir da Halima kuwa ba su san komai ba sai abin da suka ji a bakinki. Yanzu da ƙarfina ya ja baya, ina so ku ji shi daga bakina yadda ya faru, tare da abin da ya jawo wa wani bawan Allah da bai ci ba bai sha ba.

Kafin in zo Amurka ni mai zanen taswira ne, desinatar kamar yadda muke cewa a Nijar. Tun ina saurayi na kama aiki a ofishin wani kamfanin haƙar ma'adinai a Arlit. Da fensir da rula muka fara, a kan wani faffaɗan tebur, har wata shekara aka kawo wata na'ura daga waje aka ajiye ta a ɗaki mai sanyi. Akwati ce mai nauyin tsiya, gabanta gilashi kamar na talabijin, ƙasansa madannai irin na tafireta, sai wata waya mai kauri da ta haɗa ta da babbar kwamfutar kamfanin. Launinta ɗaya ne, kore. In ka ba ta lambobin wuri biyu, sai ka ga wani ɗan haske ya ruga daga nan zuwa can ya bar layi a bayansa, siriri, mai sheƙi, miƙaƙƙe fiye da duk abin da hannun mutum zai ja. Aibinta shi ne ba a goge layi guda. In ka yi kuskure sai ka danna wani maɓalli, gilashin duka ya yi walƙiya, komai ya ɓace, ka sake daga farko. A cikin 'yan ƙasa ni aka zaɓa in koyi aiki da ita. Direbobi da masu gadi har leƙe suke yi ta taga su ga yadda nake fito da hanyoyin da ke ƙarƙashin ƙasa a kan gilashi. Da wannan aikin na nemi auren mahaifiyarku, kuma kakanku a Maraɗi yakan gaya wa abokansa cewa ya ba da Rakiya ga wanda yake zane da wuta.

Daga baya kasuwar ma'adinin ta faɗi, aka rage ma'aikata, na sha faɗi-tashi, har Allah Ya kawo ni Greensboro. Wanda ya tarbe ni shi ne Malam Habu, mutumin Tawa, wanda ya girme ni da 'yan shekaru. Siririn mutum ne marar yawan magana, yana aiki a wurin wankin motoci. A ɗakinsa na kwana har na tsaya da ƙafafuna, shi ya samo mini aikin ɗaukar kaya a wani babban sito na kujeru da gadaje, shi ya raka ni na kama gida a unguwar Glenwood da na samu halin ɗauko ku da mahaifiyarku. Kowa ya san takardunsa na zama sun daɗe da ƙarewa, kuma ba mai ɗaga maganar. Duk safiyar Asabar yakan tara yaranmu a ɗakin baya na masallaci yana koya musu karatu, ba ya karɓar ko sisi. Ku biyun farko a hannunsa kuka fara bismillah.

Aikin sito bai taɓa damuna ba sai ranar da na je makarantarku taron iyaye. Malamar ajinki, Nafisa, ta tambaye ki a gabana wane aiki babanki yake yi. Kika ce mata da Turanci, ba tare da wani mugun nufi ba, babana yana ɗaukar kwalaye. Gaskiya kika faɗa, amma sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. A mota na ce miki ni na yi zane a kwamfuta tun malamar nan ba ta taɓa ganin kwamfuta ba. Kika dube ni kika yi ɗan murmushi irin wanda ake yi wa tsoho.

"A Nijar, Baba?"

Kalma uku ke nan, amma sun kwana sun tashi a zuciyata har wata da watanni.

Ana cikin haka muka je da Malam Habu inda jami'a take gwanjon tsofaffin kayanta, muna neman teburin karatu. A can ƙurya, tsakanin karyayyun kujeru, na hango ta. Irin ta Arlit sak, har wurin da hannu yake gogewa a gefen madannai. Na tsaya na kasa motsi. Mai kula da wurin ya ce in zan iya ɗaukarta to in ɗauka, shekara da shekaru ba wanda ya tanka mata. Ni da Malam Habu muka ciccibe ta, muka hau da ita bene na biyu muna nishi. Mahaifiyarku ta buɗe ƙofa, ta dubi na'urar, ta dube ni.

"Baban Nafisa, ina teburin?"

"Wannan ta fi tebur, Rakiya. Ba ki gane ta ba?"

"Na gane ta. A Arlit tana ciyar da mu. Nan me za ta ci mana in ba wuri ba?"

Na ajiye ta a falo kusa da taga. Babu babbar kwamfutar da zan haɗa ta da ita, amma na tuna wata dabara da muke yi idan waya ta lalace: ana iya buga mata lambobin da hannu, harafi bayan harafi, ta ja layin. Aiki ne mai cin rai, layi ɗaya sai ka danna madannai da yawa, kuskure ɗaya kuma ya mayar da kai farko. Duk da haka, ranar da na kunna ta na ga koren hasken nan ya ruga ya bar layi, sai da na share hawaye. Na ɗaura niyyar zana taswirar Nijar duka, daga Gaya har iyakar Libiya. In na dawo daga aiki sai in yi ɗan gwaji in kashe, saboda nakan ji tana wani ƙauri kamar tsohon tanderu, amma na ce ƙura ce.

Mahaifiyarku da ta ga abin ya shiga raina, ba ta tsaya ga mita ba. Ta bincika ta gano akwai ajin koyon zanen kwamfuta na zamani a kwalejin gari, kowace safiyar Asabar.

"In dai zane kake so, je ka koyi na yanzu," in ji ta. "Wannan gawa ce ka kwaso. Ba a shayar da gawa nono."

Na shiga ajin a farkon hunturu. Duk wanda ke ciki na haife shi, har malamin. Makon farko na yi ta fama da ɗan abin nan da ake turawa a tebur, ina neman kibiya a gilashi ina rasa ta. Amma da na zauna na lura, sai na ga ashe ɗiyar tsohuwata ce aka yi wa ado. An ƙara launi, an ƙara sauri, ana goge layi guda ba sai an watsar da duka ba, amma ƙashin bayan abin bai canza ba: ka ba da wuri, ka ba da wani wurin, a ja layi. Har gicciyen nan da ake sa ido a kansa wajen nuna wuri, shi ne dai na Arlit. Kafin wata guda na kamo yaran, na fara wuce wasu. Malamin ya ce in na gama akwai masu safiyo, wato masu awon ƙasa, da ke neman irina. Wannan magana ce ta hura mini kai. Na ce lokaci ya yi da mutanen garin nan, da ke Nafisa, za ku san wane ne ni.

Layyar shekarar ta faɗo cikin tsananin sanyi. Mun yanko rago a wata gona da ke bayan gari, na gayyaci jama'a cin nama a gidanmu bayan azahar, na fi ƙarfin ɗakin da gayyar. Tun safe na kunna na'urar wai ta yi ɗumi, na lulluɓe ta da zanen gado don kada a gan ta kafin lokaci. Mahaifiyarku ta ce in cire zanen, abin yana zafi. Na ce mata na fi ta sanin injina. Maza suka cika falo da manyan riguna, mata suna kicin da ɗakin kwana, yara suna ta tsere a tsakani. Da aka ci aka sha, na miƙe na yi gyaran murya, na ba da tarihin Arlit, na yaye zanen. Alhaji Tanko ya ce wannan talabijin ce ko firji? Aka yi dariya. Na zauna na fara bugawa. Layin farko ya fito, falon ya yi tsit. Na bi iyakar kudu, na wuce Maraɗi, na wuce Damagaram, kowa yana nuna garinsu. Na saci kallonki, Nafisa, na ga kin matso kin buɗe baki. Ban taɓa jin daɗi a ƙasar nan kamar na wannan ɗan lokacin ba.

Ina gab da tafkin Chadi na ji wata ƙara kamar an fasa kwalba. Gilashin ya mutu. Wani baƙin hayaƙi mai warin ƙonanniyar roba ya turnuƙe daga bayanta, ƙararrawar gobara ta gidan duka ta ɗauki kuka. Wani ya fizge wayar daga bango. Wuta ba ta kama komai ba, ko labule bai ƙone ba, amma hayaƙin ya cika bene, kuma maƙwabta sun riga sun buga waya. Kafin mu gama sauko da yara, motocin kwana-kwana sun iso, na 'yan sanda na biye da su.

Ku tuna shekarun da ake ciki. Ba a daɗe da harin da aka kai New York ba, lokacin da mace mai lulluɓi take tsoron shiga kanti ita kaɗai. Sai ga mu tsaye a wurin ajiye motoci, maza masu gemu da manyan riguna, mata da mayafai, yara suna kuka cikin sanyi ba takalma, maƙwabta sun yi cirko-cirko a barandarsu suna kallonmu. Waɗanda suka shiga gidan suka tarar da wuƙaƙe a kicin, da jini a bokiti, da wata baƙuwar na'ura mai wayoyi tana hayaƙi a tsakar falo. Ban ga laifinsu ba da suka yi tambaya. Ba su zagi kowa ba, ba su taɓa kowa ba. Na yi ta bayani, Turancina ya gudu ya bar ni, sai ke Nafisa, yarinya ƙarama, kika tsaya tsakanina da su kina fassara. Da kunnena na ji kina cewa tsohuwar kwamfuta ce, babana yana wasa da ita. Wani dattijo cikin 'yan kwana-kwana ya leƙa bayan na'urar ya girgiza kai, ya ce ai irin waɗannan sai gidan tarihi. Amma kafin su tafi, wani ɗan sanda ya ce duk namijin da ke wurin ya nuna katinsa na shaida, zai rubuta suna don rahoto.

Na juya na haɗa ido da Malam Habu. Yana tsaye a baya, hannayensa cikin aljihu. Da aka zo kansa ya ce ya bar nasa a gida. Aka tambaye shi suna da inda yake zaune da inda yake aiki. Mutum ne da bai iya ƙarya ba. Ya faɗa, aka rubuta.

Ba a kama kowa ba ranar. Jama'a suka watse ba sallama, nama ya kwana a tukunya. Mai gidan haya ya zo ya ce a ƙarshen wata mu nemi wani wuri, abin da ya mayar da mu East Greensboro ke nan, gidan da kuka girma. Na'urar kuwa, ni da kaina na mirgina ta zuwa inda ake zubar da tarkace. Wannan duk mai sauƙi ne. Kwana kaɗan bayan haka Malam Habu ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da jakarsa a hannu, ya ce in kai shi tashar bas. Tun ranar Sallah bai koma wurin aiki ba, bai kwana ɗakinsa ba. Duk motar da ta tsaya a ƙofa sai gabansa ya faɗi. Ya ce akwai wani ɗan'uwansa a can arewacin ƙasar nan, garin ƙanƙara, zai je ya ɓuya wurinsa.

Na ɗauke shi a mota. Da muka isa na ce, "Malam, ni na jawo maka. Ka yafe mini."

Ya dubi gilashin gaba.

"Sani, ni na taya ka ɗaukarta har bene. Abin da Allah Ya rubuta ba ya goguwa. Yaran nan kawai nake tunani. Sun fara kama hanya."

Har yau ban sani ba ko an taɓa zuwa nemansa. Mai yiwuwa takardar ɗan sandan tana can cikin wani akwati ba wanda ya sake buɗe ta. Wannan ya fi komai ci mini rai, cewa watakila a banza ya bar aikinsa da ɗakinsa da mutanensa na shekara da shekaru.

Na daina fita. Daga sito sai gida. Na ce wa mahaifiyarku mu tattara mu bar garin, ba zan iya haɗa ido da kowa ba. Tana ninke kaya a kwali, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ka tara mutane su ga gwanintarka, sun gani. Yanzu ka je su ga kunyarka. Ni ba inda zan kai 'ya'yana. Juma'a ta yi, tashi ka yi wanka."

Na je. Ina sa ƙafa a ƙofar masallaci Alhaji Tanko ya ɗaga murya, ya ce a matsa, ga Injiniya nan, kowa ya riƙe katinsa. Aka yi dariya, amma ba kowa ya yi ba. Bayan sallah liman ya ce ajin Asabar ya tsaya, iyaye suna tambaya, wa zai karɓa? Kowa ya sunkuyar da kai, domin kowa yana aiki ranar Asabar ko yana hutun gajiyar mako. Ba wanda ya ambaci sunana, amma na ji idanu a ƙeyata. Ni kuma na san abin da nake yi da safiyar Asabar ɗina. Ajin kwaleji da ajin masallaci lokacinsu ɗaya, kuma babu wani ajin zanen da ya dace da mai aikin sito. Na kwana biyu ina juya abin. Karatuna na allo bai taka kara ya karya ba, rabona da shi tun ina yaro. Mahaifiyarku ma, da ta tura ni masallacin, ba ta goyi bayan in bar kwalejin ba. Ta ce kunya ba ta biyan haya, in gama in samu aikin, wani ya riƙe yaran. Na ce mata wa? Ta juya ta koma kicin.

Ban sake komawa kwalejin ba. Malamin ya buga waya sau biyu, ban ɗauka ba. Na ci gaba da ɗaukar kwalaye har bayana ya ƙi, kun dai ga yadda nake tafiya yanzu. Ba zan ce muku ban taɓa yin da-na-sani ba. Duk lokacin da na wuce masu safiyo a bakin titi da ƙafafun awonsu, sai in kau da kai. Ke Nafisa da kika girma kika zama mai zana hanyoyin ruwan gari a kwamfuta, ranar da kika kai ni ofishinki na ga gicciyen nan yana yawo a gilashinki, na ce miki kaina ke ciwo na fita. Ba kaina ba ne.

Asabar ɗin farko na zauna a kan dardumar Malam Habu, yara suka zuba mini ido, ciki har da ku. Wani ya tambaye ni da Turanci yaushe Malam zai dawo. Na ce mu fara. Na yi ta tuntuɓe a surorin da yaran suka fi ni iyawa, gumi yana keto mini cikin sanyi. Haka na yi ta jan ƙafa har bazara ta shigo. Wata ranar Juma'a da yamma waya ta yi ƙara, na ɗauka, sai na ji muryar Malam Habu. Bai tambayi gida ba, bai tambayi aiki ba.

"An ce kai ka karɓi yaran. Ina suka kai?"

Na faɗa masa.

"To karanta mini abin da za ka ba su gobe."

Na karanta, ya tsayar da ni sau da yawa, ya gyara, ya sa na maimaita. Daga ranar, duk Juma'a sai ya kira. Daga garin ƙanƙarar ya kira, bayan ya gaji ya koma Tawa ma ya ci gaba da kira, sai dai ni nake mayar masa don kada katin wayarsa ya ƙare. Shekaru muna haka. Ko sau ɗaya bai ambaci ranar Layya ba, ni ma ban iya ɗaga maganar ba. Abin da kuka karanta a hannuna, da abin da 'ya'yan Alhaji Tanko suka karanta, duk nasa ne, ni wucewa kawai yake yi ta bakina.

Kiran ƙarshe, muryarsa ta yi ƙasa sosai, ɗansa ne yake riƙe masa wayar. Na ce ya huta, mu bari sai wani makon. Ya ce a'a, in karanta. Na karanta da sauri don kada in wahalar da shi. Ya bar ni har na kai aya, sannan na ji ya ja numfashi.

"Koma baya, Sani. Ka ja maddar nan. Kada ka koya musu gaggawa."

Na koma baya, na ja ta yadda ya ce. Ya ce madalla. Da Juma'a ta zagayo ɗansa ne ya kira ya ce an kai shi makwancinsa. Washegari Asabar ce, yara suna jira, na ɗauki hulata na tafi.